Chennai, Inda Ake Gyaran Littafi Babu Takarda

Duk mutumin Kano da ya sauka a Chennai yana zuwa ne da wata Indiya a cikin kansa, wadda ya tara daga fina-finai tun yana yaro, kuma ba a nisa take fara rushewa. Kalmomin Indiyancin da muka haddace a gidajen kallo ba su da kasuwa a nan. Chennai babban birnin jihar Tamil Nadu ne, can kudu a bakin Tekun Bengal, harshensu Tamil ne, kuma suna ji da shi ƙwarai. Sunan garin ma sai a 1996 aka mayar da shi Chennai daga Madras. Abin da ya tarbe ni da fuskar gida shi ne adaidaita sahu, ruwan ɗorawa irin namu, yana kurɗawa inda ba ka zaci allura za ta shige ba.

Jinya ce ta kai ni, na raka Yayana asibiti. Wanda ya taɓa jinya a ƙasar waje ya san rabinta jira ne: jiran likita, jiran sakamakon gwaji, jiran jiki ya yi ƙwari. A cikin wannan jira ne ɗan mai masaukinmu ya tambaye ni sana'ata. Na ce ina da shagon kwamfuta, ina buga wa marubuta rubutu, in tsara shafuka, in haɗa bango, in miƙa wa madaba'a. Sai ya ce ashe abokin aikinsa ne ni. Daga bakinsa na fara jin cewa ɗimbin littattafai da mujallun ilimi da ke fitowa da sunan manyan kamfanonin Landan da New York da Amsterdam, a Chennai da Puducherry ake tsara shafukansu, a nan kuma ake juya su zuwa littafin na'ura, wato wanda ake karantawa a waya ko a Kindle. Dubban mutane ke ci daga wannan sana'a, sunansu bai taɓa fitowa a bangon komai ba.

Da ma ina ɗauke da wata damuwa a filasha. Wani malami na unguwarmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar littafi na tarihin unguwar da waƙoƙinsa na wa'azi. An taɓa buga shi sau ɗaya ya ƙare, iyalansa kuma suka nemi in mayar da shi wanda jikoki za su karanta a waya. Na juya shi da manhajar calibre, abin da ya fito kuwa ya hana ni sakat. A wata wayar bangon ya ɓace gaba ɗaya. A wata ya miƙe, fuskar Malam ta yi tsawo. A Kindle na wani abokina sau biyu ya fito a jere. Cikin littafin kuma, duk inda ƙ take sai a ga }, duk inda ɗ take sai a ga ]. Na roƙi saurayin ya kai ni wurin aikinsu, ya nemi izini, aka ce in zo.

Ni a sanina, inda ake yin littafi hanci ke fara shaidawa: warin tawada da gam, ƙarar inji, tarin rim na takarda, yaro yana yankan gefe. Mun hau bene a wani gini marar ado, muka tarar da takalma jere a ƙofa, na cire nawa kamar mai shiga masallaci. Ciki shiru, sai sanyin na'ura. Yawancin ma'aikatan mata ne, wasu da farin fure mai ƙamshi a gashinsu, kowacce da allon kwamfuta biyu a gabanta. Na waiga dama da hagu, ko fallen takarda ban gani ba. Da na tambayi ina littattafan, sai aka buɗe mini wani kabad cike da wayoyi tsofaffi da sababbi, da kwamfutocin hannu, da Kindle iri-iri. A kan waɗannan ake gwada kowane littafi kafin ya fita, domin fayil guda yakan nuna hali daban a kowace na'ura.

Wata matashiya aka haɗa ni da ita. Ta karɓi fayil ɗin, ba ta ko buɗe shi a manhajar karatu ba. Sai ta canza wutsiyar sunansa daga epub zuwa zip, ta latsa, sai ga shi ya baje ya zama tarin ƙananan fayiloli. Na daɗe ina mu'amala da EPUB ina ɗaukarsa dunƙulallen abu, ashe ƙunshi ne: kowane babi shafin intanet ne mai zaman kansa, hotuna suna gefe, akwai fayil mai faɗin yadda rubutu zai fito, sannan akwai wani guda da ake kira OPF wanda ke lissafa komai. Kamar akwatin lefe ne da takardar lissafin kaya: ko da atamfa tana ciki, in ba ta cikin lissafi, masu karɓa ba za su ƙirga ta ba. Hoton bangon Malam yana nan lafiya lau a cikin ƙunshin, amma ba a yi masa shaidar da kowace waya za ta gane cewa shi ne bango ba.

Ta nuna mini inda gizo ke saƙar. Tsarin EPUB na biyu, wanda ya fito a 2007, yana da tasa hanyar nuna bango, da wani ɗan layi a sashen bayanan littafi. Na uku, na 2011, ya zo da wata hanyar, inda ake liƙa wa hoton kansa alama a cikin lissafi. Tsohuwar manhaja takan nemi ta farko, sabuwa ta nemi ta biyu. Su a nan duka biyun suke sakawa, magana ta ƙare. Bangon da ya fito sau biyu kuwa, calibre ce ta ɗora wanda na ba ta a gaba, alhali shafin farko na ainihin rubutun ma yana ɗauke da hoton. Akwai wurin da ake latsawa a ce mata ta cire hoton farko. Fuskar da ta miƙe ita ma tana da nata maɓallin, wanda ke hana manhajar ja da hoto don ya cika allo. Da ta gyara muka mayar a waya, sai tsohon bangon ya sake bayyana, gabana ya faɗi. Ta ce waya takan riƙe ƙaramin hoton da ta fara gani, sai an goge littafin an sake saka shi. Haka kuwa aka yi.

Na ɗauka an gama da bango, ashe yanzu aka fara. Namu da muke haɗawa a CorelDraw shimfiɗa guda ce, gaba da baya da ƙashin bayan littafi, da launukan tawada huɗu na madaba'a. Allo kuwa da launukan haske uku yake aiki, ja da kore da shuɗi, kuma hoton da aka bari a tsarin madaba'a yakan dushe, wata manhajar ma ta ƙi nuna shi. Ta yanke fuskar gaba kaɗai, ta juya launin, ta daidaita girman zuwa fiksel 2560 a tsaye da 1600 a kwance, gwargwadon da Amazon ke ba da shawara. Da yake gefen bangon fari ne, ta zagaye shi da siririn layi mai ruwan toka, don kada ya narke cikin farin shafin kanti.

Sai ta yi abin da ya tsaya mini a rai. Ta ƙanƙantar da bangon har ya koma girman babban yatsa, ta cire masa launi, ta ce in karanta sunan littafin. Na kasa. Rubutu ja ne a kan kore, kuma a allon Kindle na baƙi da fari, mai matakan ruwan toka 16 kacal, jan da koren sun koma kusan abu guda. Ni kuwa ma'aunina na bango mai kyau shi ne wanda zai fizgi ido daga kan teburin mai sayarwa a Sabon Gari: launi ya yi yawa, rubutu iri uku ko huɗu, lambar wayar marubuci a ƙasa, kada a bar fili. Wannan ma'auni yana da dalilinsa, kuma ban raina shi ba, domin ya sayar da littattafai masu yawa. Amma an gina shi ne a kan mai saye da ke tsaye da ƙafarsa yana iya ɗaukar littafi ya jujjuya. Mai saye na yau yatsa yake ja a kan allo, bango yana wuce shi cikin ƙiftawar ido. Muka bar hoton Malam yadda yake, muka mayar da sunan littafin fari mai kauri a kan duhu.

An kawo gahawa da madara a ɗan kofin ƙarfe, mai zaƙi da zafi, sannan muka shiga cikin littafin. Tambayarta ta farko: ina asalin fayil ɗin? Na ce ga PDF nan. Ta kaɗa kai irin kaɗawarsu, wadda sai ka zauna da su kake rarrabe i da a'a a cikinta. A wurinmu PDF shi ne ƙarshen aiki. Da zarar an fitar da shi an kai madaba'a, sau da yawa fayil ɗin Word ko PageMaker sai ya bi tsohuwar kwamfuta ya tafi. A wurinsu kuwa shi ne mafi wahalar abin da za a miƙo musu. Kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993 don shafi ya fito iri ɗaya a ko'ina, saboda haka abin da yake adanawa shi ne inda kowane harafi ya tsaya a kan takarda. Yawancin fayilolin PDF ba su san sakin layi ba, ba su san kan babi ba. In aka juya shi, kowane layi sai ya zama sakin layi mai zaman kansa, lambar shafi da sunan littafin da ke saman kowane shafi su faɗo tsakiyar jimla, kalmar da aka raba a ƙarshen layi ta zauna a rabe har abada.

Ba su raina calibre ba. Ɗan ƙasarsu ne ma ya ƙirƙire ta, Kovid Goyal, wanda ya fara ta a 2006 lokacin yana karatu a Caltech ta Amurka, don na'urar karatunsa ta Sony ta yi aiki da Linux, kuma har yau kyauta ce. Jagoran manhajar da kansa yana gargaɗin cewa PDF mummunan tushe ne na juyawa. Tana da dabarar haɗe layukan da suka karye da ta share abin da ke maimaituwa, amma hasashe take yi, kuma hasashen da ya gyara zube shi ne ke cakuɗa waƙa. Allah Ya taimake ni, ɗan Malam ya tono tsohon fayil na Word a cikin imel, ya turo mini a daren.

Washegari ta buɗe shi, ta latsa maɓallin da ke bayyana ɓoyayyun alamomi, sai shafin ya cika da ɗige-ɗige. Mai bugun farko, kamar yadda kusan dukanmu muke yi, ya tura kan babi tsakiya da maɓallin tazara, ya sauka sabon shafi da danna maɓallin sauka layi har sai da ya isa, ya rubuta ƙumshiya da hannu yana jera ɗigo zuwa lambar shafi. A takarda ba mai ganewa, ya fito tsaf. A waya kuwa, inda faɗin allo ya bambanta kuma mai karatu ke ƙara girman rubutu yadda idonsa ke so, duk wannan sai ya wargaje: kan babi ya karkace, fili ya buɗe a tsakiyar labari. Ta share su duka. Kowane kan babi ta yi masa alamar cewa kan babi ne, kowane baiti ta ce baiti ne, ƙumshiya ta haɗa kanta da kanta, kana taɓa babi ta kai ka. Tun ran gini ran zane, in ji Hausawa. Da an yi haka tun a bugun farko, da aikin yini ya zama na rabin sa'a.

A nan na tsaya ina tuhumar abin da na ɗauka shi ne ƙwarewata. Ni ido ne alƙalina: in shafi ya yi kyau a ido, aiki ya yi. Ita kuwa ba ta tambayar yadda abu ya fito, tambayarta mene ne shi. Na ce mata to in babu tsayayyen shafi, yaya malami zai ce wa ɗalibai su buɗe shafi na 40? Wannan ya dame ni da gaske, domin karatunmu na zaure da na aji duk a kan shafi yake tafiya. Ta nuna mini cewa EPUB na uku yana ba da damar dasa lambobin shafin bugun takarda a cikin rubutu, a ɓoye, ta yadda manhajar da ta san da su za ta kai ka daidai wurin. Muka dasa su. Waƙoƙin Malam 'yan ƙwar biyar ne, kuma ɗango mai tsawo ba ya shiga faɗin waya, sai ya karye ya zama kamar ɗango biyu, baiti ya koma mai shida ko bakwai. Maganinsa shi ne a sa ragowar ɗangon da ya karye ya ɗan shige ciki, mai karatu ya gane ci gaba ne. Ƙaramin abu ne, amma shi ya mayar wa waƙar da numfashinta.

Batun haruffa masu ƙugiya na yi zaton sai na yi dogon bayani. Ta kira shugaban sashen, wani dattijo mai furfura, ya dubi } da ] da ~ da suka watsu a shafi, nan take ya ce ya san wannan ciwo, sun yi jinyarsa shekara da shekaru. Rubutun Tamil yana da haruffa 247 in an haɗa da gaurayen baƙi da wasali, kuma wasu wasulan ana rubuta su a hagun baƙin da ake furta su bayansa. Kafin Unicode, tsarin haruffa na bai ɗaya, ta zauna da gindinta, kowace jarida da madaba'a tana da nata zubin haruffa: akwai TSCII, akwai TAB da TAM, akwai Bamini. Ka tura wa wanda ba shi da irin naka, sai ya ga tarkace. Mu ma haka muka yi. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da zubin haruffan Hausa, ya fitar da masu ɗab'i daga ƙunci. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ari gurbin wata alama a zana harafinmu a kai. Wasu sun ari baka-baka, wasu q da x da v. Ido yana ganin ƙ, kwamfuta kuwa } ta adana. Da zarar zubin bai bi fayil ba, asiri ya tonu, kuma ko an nemi kalma a cikin littafin ba za a same ta ba.

Gyaran shi ne a maye gurbin kowace alamar aro da ainihin harafinta na Unicode, a adana fayil a tsarin UTF-8, a rubuta a cikin lissafi cewa harshen littafin Hausa ne. Dattijon ya hana mu yin musanyar a dunƙule. In v ce aka ara, sunan Bature ko na wani gari mai v zai wayi gari da ɓ; in baka-baka ce, ta gaskiya da ke cikin rubutu za ta tafi. Ɗaya bayan ɗaya muka bi. Sannan muka cusa zubin Charis SIL a cikin ƙunshin, wanda lasisinsa ya yarda da haka kuma yana da haruffanmu duka, har da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Ni ma na nuna musu abin da ba su lura da shi ba: Word takan juyar da alamar da ke gaban 'ya da 'yan, ta ɗauka buɗe zance ne.

Dattijon ya ba ni labarin Project Madurai, wanda 'yan sa-kai suka fara a 1998, suna buga tsofaffin littattafan Tamil suna sakawa a intanet kyauta, daga baya suka bi su suna mayarwa Unicode. A ƙarshen 2016 Amazon ta buɗe wa Tamil da wasu harsunan Indiya huɗu ƙofa a Kindle, ta tarar da mutanen da suka riga suka share fage. Takarda kuma ba ta mutu ba: kantin Higginbothams da ke titin Anna Salai tun 1844 yake sayar da littattafai, na kuma same shi da masu saye. Ina sauraronsa ina tuna ɗaruruwan littattafan marubutanmu na Kano da Kaduna da Gusau da ke kwance a tsofaffin kwamfutoci cikin haruffan aro, da sababbin da ke yawo a WhatsApp ba bango ba ƙugiya, wani lokacin ma ba sunan mai su.

Saura abu biyu. Matashiyar ta ce in rubuta mata jimla ɗaya da Hausa mai bayyana abin da ke kan bango, da kowane hoto na ciki. Na tambayi wa zai karanta, tunda ba ta fitowa a allo. Ta ce makaho, ta hanyar manhajar da ke karanta masa rubutu da murya. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2025 ta wajabta wa masu sayar da littattafan na'ura a can su sa naƙasassu cikin lissafi, shi ya sa wani ɓangare na ɗakin ba abin da suke yi sai rubuta bayanin hotuna. Littafin Malam ba Turai za shi ba, ba dokar da ta hau kansa. Amma a cikin masu zuwa karatunsa na bayan magariba akwai makafi, ni shaida ne, kuma ban taɓa tsara littafi ina tuna su ba sai a ɗakin nan. Na zauna na rubuta.

Na biyun shi ne shafuka shida na ajami da hannun Malam, waɗanda aka ɗauki hotonsu a bugun farko. Akwai zubin ajami mai suna Alkalami, wanda ƙungiyar SIL ta yi a kan salon rubutun Kano, muka gwada buga baiti guda da shi. A wasu na'urorin kabad ɗin ya tafi daga dama zuwa hagu lafiya, a wasu haruffan suka rarrabu, wasulan suka zame daga mazauninsu. Muka tsaya a kan barin hoton rubutun hannun, a tsabtace shi, a sa fassararsa ta boko a ƙarƙashi don mai nema ya samu, makaho ma ya ji. Sauran littafin ya wuce gwajin EPUBCheck ba kuskure ko ɗaya. Shafukan nan shida kuwa babu mai iya karanta su a duk faɗin benen, ni ma akwai wuraren da tawada ta cinye da ban yarda da karatuna ba. Na ɗauki hotonsu na tura wa babban almajirin Malam a Kano, ya amsa da saƙon murya cewa zai zauna da su bayan sallar asuba, ya riƙa turo mini baiti-baiti.